Nauyin seluloz a bango da saman silin

Kana tambaya ko nauyi ɗaya za ka ɗura seluloz, wato abin da ake cusawa don tare sanyi da zafi, a cikin bango da saman silin. A'a, ba ɗaya ba ne. A bango a danna shi sosai, wajen kilo 55 zuwa 60 a kowace kubik mita, saman silin kuwa a baza shi sako-sako, kilo 25 zuwa 30 ya wadatar.

Abin nan fa takardar jarida ce aka niƙa, in ba a matse ta a bango ba da sannu za ta zauna ta bar gurbi daga sama, sanyi ya riƙa shigowa ta nan. A silin ma tana zaunawa, kaurinta ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka ka ƙara kauri tun farko amma ka tabbatar allon silin ɗin zai ɗauki nauyin. In silin mai gangara ne, yi masa irin na bango.