Kirdi, arne, kaɗo: daga ina suka fito?

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya turo tambaya, yace Malam wai "kirdi" Hausa ce, kuma ɗaya take da "arne"? Dalili, yaronsa ne ya kira maƙwabcinsu kirdi, dattijo ɗan ƙabilar Mafa, Kirista, tun ranar mutumin ko gaisuwa a bakin famfo ya daina amsawa.

To ɗan'uwa, kirdi dai ba Hausa bace, a bakin Barebari da Shuwa muka tsince ta, tana nufin wanda ba Musulmi ba, suna ne da aka laƙaba wa mutanen duwatsun Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru, su Mafa da Kapsiki da Mofu, duk aka haɗa su a kwando ɗaya alhali kowa da yarensa. Arne kuwa tamu ce, asali mai addinin gargajiya ake nufi, Kirista ai Annasara ko Ahlul Kitabi malamai suke ce masa, yanzu ne bakin mutane ya cakuɗa komai.

Amma fushin dattijon nan ba akan ƙamus bane. Ka taɓa hawa wajen garin Mokolo a duwatsun Mandara ka ga yadda aka jera duwatsu hawa-hawa ana shuka dawa a tsakaninsu? Tun bayan jihadin Modibbo Adama da ya fara a 1809 mahaya suke kai hari gindin duwatsun nan, Hamman Yaji, Bafulatanin da ya mulki Madagali, ma ya bar littafin tarihin kansa daga 1912 zuwa 1927, yana lissafa bayin da mutanensa suka kamo. Wanda aka kira kirdi a zamanin nan, an halatta kama shi kenan, da matarsa da shanunsa. Jikokinsu basu manta ba wallahi, kuma ni abin yana damuna idan naji yaranmu suna jefa kalmar kamar wasa. Yawancin abin da muke cewa rikicin addini in ka tono zaka samu gona ce da haraji da bauta a ƙarƙashi, addinin daga baya aka yafa masa.

Mu ma fa an taɓa yi mana, Fulani sun kira mu Haɓe, tilo Kaɗo, wato wanda ba Bafulatani ba, ana ɗaukarsa kamar arne, kuma muna sallah a lokacin.

Shawarata ka kama hannun yaron da yamma, ka sayi goro ko sukari, ku shiga gidan. Ya durƙusa yace Baba kayi haƙuri, kai kuma ka tambayi dattijon sunan ƙauyensu a gaban yaron.