Gurbin Makarantun Kimiyya: Maki Ne, Kaso Ne, Ko Alfarma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Gwale. Ɗana ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya zana jarrabawar shiga makarantun kimiyya amma sunansa bai fito ba, alhali bai taɓa wuce na uku a ajinsu ba. Tun ranar muke musu da sauran iyaye. Wasu na cewa yaran ƙauye ake bai wa gurbi da ƙaramin maki, shi ya sa ma karatun makarantun ya ja baya. Wasu kuma na cewa 'ya'yan masu hali da ake yi wa lesin ne suka cinye guraben. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya yi wa yaron albarka, Ya sanyaya miki zuciya. Na daɗe ina koyar da kemistiri a makarantun kwana, na kuma sa ido a ɗakin jarrabawa ba sau ɗaya ba, don haka na san irin fuskar da yaro ke yi idan ya bi jerin sunaye da yatsa har ƙasa bai ga nasa ba.

Sai mun tuna dalilin kafa makarantun nan kafin mu yi hukunci. A 1977, zamanin gwamnan soja Sani Bello, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, lokacin Jigawa tana cikin Kano, domin sai a 1991 aka raba. Matsalar a lokacin ita ce jiha mai yawan jama'a kamar Kano ba ta samun isassun 'ya'yanta da za su shiga jami'a su karanta likitanci ko injiniyanci. Sai aka ce a tsamo masu kaifin ƙwaƙwalwa daga makarantun jiha, a tara su wuri guda, a ba su malamai da ɗakin gwaji da abinci. Daga baya aka ƙara na mata da na jeka-ka-dawo. Kin ga tun asali makarantun na zaɓe ne, kuma na jiha ne baki ɗaya. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai ake lissafawa cikin birni da kewaye. Yaron Doguwa ko Tudun Wada yana da haƙƙi a kansu daidai da na Gwale.

Batun ɗanki da yake na uku a aji, ban raina shi ba. Amma matsayin aji yana auna yaro ne da abokan zamansa kawai. A wannan jarrabawa kuwa, na ɗayan kowace makaranta ne suka haɗu a kan 'yan kujeru, dole wasu haziƙan su rasa ko da ba a zalunci kowa ba.

Game da kaso, wato ware wa kowane yanki rabonsa na gurbi, inda abin yake a rubuce ƙarara shi ne makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kano da ta 'yan mata ta Minjibir. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarsu daga aji shida na firamare, kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyana ƙa'idar ɗaukarta: kashi 60 cikin 100 bisa maki zalla, kashi 30 don daidaita jihohi, kashi 10 don wasu larurori. An yi shekaru ana ce-ce-ku-ce a kan wannan, mutanen kudu suna ƙorafin cewa yaransu na rasa gurbi da makin da ya fi na wasu jihohin arewa nesa ba kusa ba. Ina so iyayen da kuke musu da su su lura da wannan: hujjar da muke kare kanmu da ita a gaban mutumin Anambra, cewa makarantunmu ba su kai nasu ba, ita ce dai hujjar da mutumin Sumaila yake da ita a kan mutumin birni. Ba zai yiwu mu karɓe ta a Abuja mu ƙi ta a gida ba.

Dalilina na goyon bayan ba yaran ƙauye gurbi kuwa daga aji na samo shi. Maki yana auna yaro, amma yana auna makarantar da ya fito, da aljihun ubansa. Na taɓa karɓar wani yaro da ya zo daga makarantar da malami ɗaya ke haɗa lissafi da kimiyya ga duk azuzuwa. Ranar farko a ɗakin gwaji ya riƙe bututun gilashi da hannu biyu kamar ƙwai, yana tsoron ya fasa. Turancinsa ma da ƙyar. Amma idan aka kashe fitilar ɗaki, za ka same shi a baranda da 'yar tocila yana maimaita darasi. Kafin ƙarshen aji biyar, shi yake yi wa waɗanda suka fi shi maki bayanin lissafin sinadarai. Yaron da ya zo na ɗaya cikin wannan hali, ko da makinsa ya ɗan yi ƙasa, ba shi ne zai rage darajar makaranta ba. Sharaɗin kawai shi ne a sa ƙaramin makin da ba wanda zai shiga ƙasa da shi, daga ko'ina ya fito, sannan a ware zangon farko don cike giɓin Turanci da lissafi.

Masu maganar lesin ma ba su yi ƙarya ba. Wanda aka yi wata shida ana bitar tsofaffin tambayoyi da shi ya riga ya san hanyar. Wannan ba laifin iyayensa ba ne, kowa yana so wa ɗansa alheri, sai dai yana ƙara nuna cewa maki kaɗai bai isa shaida ba.

Abin da ɓangarorin biyu suka tsallake, kuma shi ne ya fi damuna, alfarma ce. A wata makaranta da na yi aiki, an kammala jerin sunaye, yara sun fara karatu, sai ga 'yan takardu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sa hannun wani babba. Ajin da aka tsara wa yara arba'in ya koma ana zama uku-uku a benci. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, to amma miyar da aka ƙara masa daga kwanon wani marar gata aka ɗebo. Nan ne adalci da inganci suke mutuwa tare. Gwajin da ya kamata yara biyu su yi da hannunsu sai malami ya yi a gaba, saura suna leƙe ta kafaɗar juna. Malamin da ke duba littattafai tamanin a mako zai daina gyara, ya koma sa hannu kawai. Idan aka haɗa da ƙarancin malaman fizis da kemistiri da rashin sinadarai, to ga dalilin ja bayan da ake kuka da shi. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a 2024 ita kanta amincewa ce da cewa gyaran yana da yawa.

Don haka da ni ne ku, da na daina musu da juna, na haɗa kai ta ƙungiyar iyaye da malamai mu nemi abu guda a rubuce: a riƙa liƙa makin kowane ɗalibi da lambarsa, da makin da aka tsaya a kai, da yawan guraben kowace makaranta. Idan akwai wani kaso, a faɗe shi tun kafin jarrabawa. Wanda ya ga makinsa zai haƙura ko ya yi ƙorafi da hujja, mai takardar alfarma kuwa zai rasa inda zai ɓoye.

Shi kuwa ɗanki, ki je ofishin hukumar makarantun kimiyya da fasaha da lambar jarrabawarsa ki nemi sanin matsayinsa. Idan babu hali, ki nema masa ajin kimiyya a wata sakandare, amma kada ki tsaya a ofishin shugaba. Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaji. Ki duba ko kwalaben suna da wani abu a ciki, ki tambayi wani ɗan aji biyar yaushe rabonsu da yin gwaji da hannunsu, kuma su nawa ne a aji. A fannin kimiyya, jami'a kiredit biyar take nema a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB, kuma yana da shekara uku cur a gabansa don ya same su.