Amsoshin Wasiƙu: Wace Firintar 3D Ce Ta Dace Da Aljihuna?

Wasiƙar farko ta wani ɗalibin injiniya ce daga Zariya. Ya ce ya tara kuɗi, amma ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin Ender 3 V3 SE ta kamfanin Creality da A1 ta Bambu Lab.

Ɗana, ka fara tambayar kanka: firintar kake so ka koya, ko abin da take fitarwa kake buƙata? Duka biyun daga Shenzhen ta ƙasar Sin suke, duka kuma narka zaren roba suke yi su jera shi hawa-hawa. Dangin Ender 3 sun fi araha, tun 2018 suke yawo a hannun mutane, don haka kayan gyaransu ba sa wahalar samu, sai dai za ka sha ɗaure-ɗaure da kwance-kwance. A1 tana daidaita kanta, kuma farantinta, inda ake jera robar, ya ɗan fi faɗi, milimita 256 kowane gefe, inda na Ender yake 220. Tunda karatun injiniya kake yi, ɗauki Ender, sauran canjin ka sayi zare.

Wani kuma daga Kano yana tambaya ko zai iya fitar da fistan na babur ya riƙa sayarwa. Malam, roba ce fa. Zaren PLA da aka fi amfani da shi yana fara laushi tun a digiri 60. Ka bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana a watan Afrilu, ka dawo ka tarar ya lanƙwashe, balle cikin injin babur. Mu wuce.

Wasiƙar da ta tsaya mini a rai ta wata baiwar Allah ce daga Maraɗi. Tana yin maƙalan makulli da kwalliyar saman kek na biki, maigidanta ya ba ta jari, tana tsoron kada ta zubar da shi. An ce mata ta sayi firintar P1S ta Bambu Lab ko Prusa MK4, kuma wani ya yi mata tayin zare a rabin kuɗi.

Hajiya, kwantar da hankalinki, wadda ta tsaya ta yi tambaya kafin ta biya ta riga ta tsallake rabin asara. Prusa, da ake ƙerawa a birnin Prag, inji ne mai ƙarko, amma wanda aka harhaɗa ya haura dala 1,000 lokacin da ya fito a 2023, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da kwastan. Aikinki bai kai nan ba. P1S rufaffiya ce kamar akwati, wannan zai taimake ki da ƙurar hunturu, amma babban amfanin rufin shi ne zaren ABS mai son zafi da wari, wanda ba ruwanki da shi. A1 tare da abin canja launi mai ɗaukar ƙwaryar zare 4 ta ishe ki. Ki dai sani duk canjin launi sai ta zubar da ɗan zare, ki sa shi a lissafin farashi. Ki kuma duba wutarki: A1 da P1S na iya jan wat 1,000 ko fiye a 'yan mintunan da faranti ke ɗumama, ƙaramar inbata za ta yi ƙara ta mutu. Suna iya ci gaba da aiki in wuta ta dawo, amma idan faranti ya huce abin ya ɓalle, aikin ya tashi.

Shi kuma mai zaren rabin kuɗi, ki ce masa kin gode. A nan ne nake ganin mutane na yin wauta. Mutum zai yi wata uku yana kwatanta inji da inji, ya kashe dubban ɗaruruwa, sannan ya je ya ɗura masa zaren da ko sunan kamfani babu a jiki. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi ƙwarya biyu wajen wani mai shago, kwali mai sheƙi, an rubuta kilo 1. Na ɗora aikin da zai ci sa'a 14, na kwanta. Da asuba na tarar injin yana ta kai da komo a iska, ba abin da ke fita, bakin da narkakkiyar robar ke fitowa ya toshe tun tsakar dare. Da na sa ma'auni, zaren da ya kamata ya tsaya a milimita 1.75, nan ya yi kauri, can ya yi siriri kamar zaren ɗinki. Ramin bakin milimita 0.4 ne kacal, ina zai kai wannan? Wuni guda na yi ina zungurarsa da allura, daga ƙarshe na jefar da bakin.

Saboda haka ki ɗora kowace ƙwarya a sikeli a gaban mai shago. Ita kanta ƙwaryar tana da nauyi, cikakkiya ya kamata ta kai wajen kilo 1.2, in kin ga kilo 1 cif, an ci miki zare. Ledar ta zama a tsuke ba iska, da ɗan ƙunshin shan laima a ciki. Zaren da ya sha laimar damina za ki ji yana ƙaras-ƙaras a baki kamar ana toya gyaɗa, aikin ya fito da gashi-gashi, zaren PETG ya fi na PLA wannan hali. Wanda kika buɗe, ki ajiye shi a bokiti mai murfi. Haka ma bakin firinta da ake zubawa a leda goma-goma kamar alewa, galibi ramukansu ba daidai suke ba. Arha ba ta ado, kuma masu biki ba sa jiran uzuri.

Na ƙarshe, mai son sayen tsohuwar Ender 3 ta gwanjo da aka kawo daga Amurka: a jikin akwatin wutarta akwai ɗan makunni mai 115 da 230. Mayar da shi 230 kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka saya. Kuma kada ka biya sai an fitar maka da abu ɗaya a gabanka, daga farko har ƙarshe.