Kafin ka kai motar wurin mai walda

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na zauna. Ka ce ka sayi Hilux ta hannu mai ƙofa huɗu, kana son ranakun kasuwa ta riƙa kai maka kaya Mayahi da Dakoro, ranar hutu kuma ka kwashi iyali ku je shan iska, shi ne kake tambaya me za ka fara sa mata: ƙarfen gaba, manyan tayoyi, fitilu ko ragar ɗora kaya ta sama. To Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Shekarata goma sha huɗu ina bin kasuwannin ƙauye daga nan Maraɗi, da tsohuwar Peugeot 504 bashe, wato mai buɗaɗɗen baya, ta mahaifina na fara, kuma kusan duk abin da ka lissafa na taɓa sa shi, rabinsa na kwance da hannuna.

Abu na farko, ɗauko kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motar. Akwai nauyin motar babu kaya, akwai kuma iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kaya. Cire na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne jarinka, kuma a irin motarka bai cika wuce tan ɗaya ba, wani lokaci ma bai kai ba. A cikin wannan tan ɗin har da kai, da yaron mota, da duk wanda ka rage wa hanya. Duk ƙarfen da mai walda ya liƙa, daga nan ake zaftare shi. Ranar da na kwance ƙarfen gaban motata na kai shi sikelin masu sayen wake don in gani da idona: kilo 58. Ragar sama ta yi kilo 41. Ƙara safaya ta biyu, ƙara jarkar ruwa biyu masu lita 20, wato kilo 40 ke nan tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, sai na tarar kusan buhun gero biyu nake yawo da shi kullum ba a biyana ko dala.

Nan ne masu ba da shawara za su ce maka a ƙara ganyen sifirin a baya, shi ke nan. Ni ma haka aka ce mini. Wani bakanike ya ƙara mini ganye uku kowane gefe, motar ta ɗaga baya kamar zakara, na riƙa loda mata buhu goma sha takwas tana tsaye cak. Na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da ban gane ba, sifirin kawai aka ƙarfafa. Birki na nan yadda yake, aksil na nan, shasi na nan. Wata bakwai aka yi. Muna dawowa daga wajen Kornaka da yamma, na faɗa wani rami da ban gani ba, na ji ƙas daga ƙasa. Da na sauka sai na ga tsakanin gidan direba da bodi ya buɗe ta sama, har hannuna na shiga cikin ratar. Shasi ya tsage daidai bayan gida. Masu ƙofa huɗu nan ne lagonsu, saboda bodin gajere ne, yawancin kayan yana zama a kan aksil na baya ko ma bayansa, ya riƙa danna wutsiyar motar kamar mai karya rake a gwiwa. An yi walda, an ɗaura faranti, amma har na sayar da ita ba ta ƙara tafiya miƙe ba, tayar baya ta hagu takan cinye kafin sauran. Ga shi in babu kaya sai ta riƙa tsalle. Hajiya tsohuwata sau ɗaya ta shiga ta ce in ba ni da wata motar a bar ta ta hau amalanke.

In za ka ƙara, ganye ɗaya ya isa, ka canja shakazoba masu kyau a lokaci guda, kuma kaya masu nauyi su riƙa jingina da gidan direba, masu sauƙi a baya.

Kuɗinka na farko dai taya za su tafi. Ƙasarmu yashi ce da ƙaya, aduwa da bagaruwa ba sa tausayin gefen taya. Nemi mai kaurin gefe, wadda aka yi don motar kaya, za ka ga an rubuta LT ko C kusa da lambar girmanta. In ta gwanjo za ka saya, duƙa ka nemi lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya takan tsufa ko ba a hau ta ba, zanen yana nan raɗau amma robar ta bushe. Wadda kuma ka ga hoton dutse da tauraron ƙanƙara a jikinta, sau da yawa ta sanyin Turai ce, irin wannan kuwa robarta taushi gare ta. A kwaltar watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kamar sabulu take ƙarewa. Manyan tayoyin da kake gani a bidiyon Larabawa kuwa, ka rabu da su. Mataki ɗaya sama da girman asali ya wadatar. Fiye da haka mota ta rasa ƙarfin tashi, kuloci ya sha wuya, gazuwal ya ƙaru, agogon gudu ya riƙa nuna maka ƙasa da abin da kake yi.

Bari in ba ka labarin winci, injin nan mai igiyar ƙarfe da ke jawo mota in ta kafe, don na san shi ma yana ranka ko da ba ka faɗa ba. Na saya da tsada, na ɗaura a gaba, yara na taruwa suna kallo. Ranar da na kafe a yashin Gulbin Kaba, na jawo igiyar ƙarfen har ƙarshenta, babu itacen da zan ɗaura sai sabara, ita kuwa ja ɗaya ta tumɓuke. Ina ta taka mota tana ƙara nutsewa har cikinta ya zauna. Sai ga wani dattijo da amalanken shanu. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, “Yaro, iskar nan ta ƙafafunta ta yi yawa.” Ya karyo ƙayar aduwa, ya tsuguna ya danna bakin taya, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi tumbi. Muka yashe gaban tayoyin da hannu, ya ce in sa giya ta biyu in tashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar ta fita ko tari ba ta yi ba. Na ba shi jika ɗaya ya ƙi karɓa, goro kawai ya ɗauka. Daga baya na sayi ma'aunin iska na gane abin da ya yi: a yashi mai zurfi ana sauke taya zuwa wajen bar 1.2 ko 1.5, ta shimfiɗu ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Amma da ka fito ƙasa mai tauri sai ka mayar da iskar, in ba haka ba gefen ya yi zafi ya fashe. Saboda haka abin da ya maye gurbin wincina ga shi: famfon iska mai aiki da batir, ma'auni, shebur, faranti biyu na ƙarfe masu huji da ake turawa ƙarƙashin taya, igiyar ja mai faɗi, da guntun katako mai kauri na ɗora jak, don jak a yashi nutsewa yake. Duka ba su kai rabin kuɗin wincin ba.

Ƙarfen gaba ba zan ce kar ka sa ba. Mai tafiyar asuba a hanyar Tasawa ya san jaki ba ya kauce wa mota, amalanke kuma ba shi da fitilar baya. Sai dai a yi shi mara nauyi, a ɗaure shi da kusoshi a ramukan da kamfani ya bari, kada a yi walda kai tsaye a shasi. Kuma kada a toshe gaban lagireto da faranti da manyan fitilu, iska ta nan take shiga. Bayan damina ka sa ragar sauro ta ƙarfe a gabansa saboda ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa, ka riƙa kakkaɓewa. In ka ratsa busasshiyar ciyawa wajen Bermo, tsaya ka leƙa ƙarƙashi ka zare wadda ta maƙale kusa da salansa. Gobarar daji a can abincin dabbobin mutane na shekara guda take cinyewa. Tukunyar kashe wuta ƙarama ta zauna bayan kujera.

Bututun iska da ake hawarwa gefen gilashi, mutane na ɗauka na ratsa ruwa ne kawai. A wurinmu amfaninsa ƙura ce, don yana shaƙo iska daga sama inda ta fi tsabta, musamman in kana bin bayan wata mota lokacin hunturu. In ba a liƙe mahaɗinsa da kyau ba, gara babu. Filta kuma a hura ta daga ciki zuwa waje, ban da buga ta a jikin taya.

Fitila: doguwar nan mai wat 120, a batir mai bolt 12 amfiya 10 take ja. Tana son wayarta mai kauri daga batir, da fis kusa da batir ɗin, da rile. Wani yaro ya taɓa jona mini ita a wayar rediyo, muna cikin tafiya hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, Allah ya taimaka makullin cire kan batir na kusa. Kuma don Allah in kun yi gaba da gaba da wata mota ka kashe ta, makantar da mutane take.

Ragar sama ta tabarma ce da katifa da tanti. Jarkar mai da buhu ba wurinsu ba ne. Nauyi a sama shi ke kifar da mota a kwana ko a gangaren tudun yashi. Abin da ya fi yi mini amfani a wajen shaƙatawa bai kai komai ba: bututun ƙarfe biyu da tampol da tela ya ɗinke mini bakinsa, in ɗaura gefe ɗaya a raga in kafa ɗayan, inuwa ta samu. A bakin tafkin Madarunfa nan muke shimfiɗa, a hura gawayi a ɗora shayi, a sayo kifi wurin masunta. Kula mai ƙanƙara ta ishe ka yini guda. Firijin mota sai da batir na biyu da na'urar da ke raba shi da na tashin mota, in ba haka ba ku sha ruwan sanyi ku kwana a daji. Ranar da ka shirya doguwar tafiya, ka kai yara Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, inda aka kawo raƙuman dawa daga Kure a 2018. Ka bi ta hannun ma'aikatan gandun daji, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, kuma mota biyu ta fi ɗaya. Yara a cikin gida za su zauna, ba a bodi ba, komai kukansu.

Fentin kalar soja, baƙin gilashi wuluk da fitila mai walƙiya, a halin da ake ciki kada ma ka fara. Jandarma za su tsayar da kai a kowane shinge, mutanen ƙauye kuma su hango ka su watse. Sifika kuwa, wadda ta zo da motar ta isa jin labarai.

Ba ka faɗi shekarar motar ba, ko ta gazuwal ce ko ta esansi. Ka turo, tare da hoton shasin daga ƙasa, daidai bayan gidan direba da wajen maɗaurin sifirin. In daga Turai ta fito, gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yakan ci ƙarfen ta ciki, fenti ya rufe. Ka ƙwanƙwasa da guduma kafin ka ɗauki hoton, ka gaya mini irin ƙarar da ka ji.