Kiɗan celo da fiyano na Hungary: ka fara da Kodály

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka ji wani kiɗa na celo (babban gogen Turawa mai kaurin murya) da fiyano a rediyo, abin da ka iya riƙewa kawai shi ne mawallafinsa mutumin Hungary ne, kana son sanin ko wane ne da kuma faifan da ya kamata ka nema. Na yi shekara shida ina karatu a Debrecen, wani birni a Hungary, kuma a can wannan kiɗa ya shiga raina, don haka bari in faɗa maka abin da kunnena ya sani.

Yadda ka kwatanta shi, cewa celo ne ya fara shi kaɗai da murya ƙasa-ƙasa kafin fiyano ya shigo, ya sa na fi zaton Zoltán Kodály ne (ana furta sunan kamar Kodai). Sonatarsa ce, wato kiɗa mai kashi-kashi, mai lamba Op. 4 (Op. lambar jerin ayyukan mawallafi ce), wadda ya rubuta tsakanin 1909 da 1910. An fara kaɗa ta a Budapest a watan Maris na 1910, Jenő Kerpely na riƙe da celo, abokinsa Béla Bartók na kan fiyano. Kashi biyu ce kawai, ba ta wuce minti ashirin ba. Kashin farko, wanda ya kira Fantasia, tafiyar hawainiya yake yi, kamar dattijo yana magana shi kaɗai da dare. Na biyun rawa ce mai zafi, amma a ƙarshe sai ta huce, muryar farkon nan ta dawo, kiɗan ya mutu a hankali.

Ni a ɗakin wata tsohuwa da nake haya a gidanta na fara jin sa. Tana da tsofaffin fayafayan garmaho na kamfanin Hungaroton jere a cikin kabad, ran Lahadi da yamma takan ɗora ɗaya ta zauna kusa da taga. Ranar da ta sa wannan, ƙanƙara na zuba a waje, da celo ya ja muryar nan mai kauri sai na ajiye littafin da ke hannuna, domin abin da ya faɗo mini shi ne kukan goge idan mai shi ya danna izga a kan tsirkiya ya ja a hankali. Ita ce ta nuna mini abin da nake so kai ma ka saurara. A harshen Hungary kowace kalma a gaɓar farko ake dukanta, sauran su biyo baya a sassauce. Ta furta mini sunan garinsu, ta buga tafin hannu a kan gwiwa, sannan ta mayar da allurar faifan baya. Wallahi haka celon yake yi: duka gajere mai ƙarfi, sai ja mai tsawo. Magana yake yi da harshensu.

Wannan kuwa ba haka kawai ya faru ba. Tun 1905 Kodály ya fara shiga ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, daga baya shi da Bartók, suna ɗaukar muryoyi a na'urar da ke rubuta sauti a jikin kaki. Tsofaffin waƙoƙin da suka samo da yawansu a kan matakan sauti biyar aka gina su, shi ya sa kunnen da ya tashi da kiɗan gargajiya ba ya jin baƙunta sosai a nan. A 1907 kuma ya je Faris ya haɗu da kiɗan Debussy, mawallafin Faransa, kuma za ka ji wannan a hannun fiyano, yadda sautin ke watsuwa kamar hazo.

Batun faifai, idan sauƙin samu kake so, nemi na Maria Kliegel da Jenő Jandó a kamfanin Naxos. Sautin a fili yake, ba gaggawa, kuma akwai faifai na biyu da ya ƙunshi wasu kaɗe-kaɗen Kodály, Sonatina da Adagio. Da shi na saba. Amma wanda na fi komawa gare shi shi ne na Miklós Perényi da Dénes Várjon a Hungaroton. Perényi, mai celon, ba ya ƙawata abin da ba ya bukatar ado, kuma dukan gaɓar farkon nan a jininsa yake, ba koyo ya yi ba.

Ga wurin da mutane ke ruɗewa, ni ma na taɓa sayen abin da ban nufa ba. Akwai Op. 8 guda biyu. Na Kodály, na 1915, celo ne shi kaɗai babu fiyano, kusan rabin awa, har sai an sassauta tsirkiyoyi biyu na ƙasa kafin a kaɗa shi. János Starker, makaɗin celo, shi ne ya fito da shi duniya, ya ɗauke shi fiye da sau ɗaya, kuma yana ɗan shekara 15 ya kaɗa shi a gaban Kodály kansa. Abu ne mai girma, sai dai kada ka fara da shi, zai yi maka nauyi. Ɗaya Op. 8 ɗin na Ernő Dohnányi ne, na 1899, shi kuwa celo da fiyano ne, kashi huɗu, na ƙarshen jigo ɗaya ne ake ta jujjuya shi. Yana da daɗi ƙwarai, amma inuwar Brahms, mawallafin Jamus, ta rufe shi, in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka Bajamushe ne ya rubuta. Idan abin da ka ji a rediyo fiyano ne ya cika shi da kauri tun daga farko, to mai yiwuwa wannan ne. Kliegel da Jandó sun ɗauke shi shi ma.

Bayan waɗannan sai ka nemi Rhapsody ta ɗaya ta Bartók, ta 1928, a hannun Starker da György Sebők.

Roƙona ɗaya: kada ka saurare shi ta lasifikar waya. Muryar ƙasa ta celo ɓacewa take yi gaba ɗaya a can, sai ka ji fiyano kawai yana ƙwanƙwasa. Ka sa abin kunne mai kyau, bayan isha'i in gida ya yi shiru, ka ji Fantasia sau biyu a jere. In ka gama ka dawo ka faɗa mini ko shi ne wanda ka ji.