Amsa ga Malama: furotin ɗin BDNF da ciwon damuwa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ƙanwarki lafiya. Kin ce an ɗora ta kan maganin fluoxetine sati biyu ba ki ga canji ba, kuma kin ji ana cewa ƙarancin wani furotin mai suna BDNF ne ke kawo ciwon damuwa, shi ne kike tambaya ko a auna mata shi, ko a sayo maganin ƙara shi.

Furotin ɗin gaskiya ne. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka fara tace shi daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus. Aikinsa raya ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, da taimaka musu su fitar da sababbin rassa su haɗu da juna, kamar yadda taki ke yi wa shuka. Yana yin haka ne ta hanyar manne wa wani makarɓi da ake kira TrkB a jikin ƙwayar. Idan tashin hankali ya daɗe, sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ya yi ta zama sama, BDNF yakan ragu a hipokamfus, sashen da ke riƙe tunawa. Hoton ƙwaƙwalwa ya sha nuna wannan sashe ya ɗan tsuke a wurin waɗanda ciwon ya yi ta dawo musu.

Nan ne amsar sati biyun take. Fluoxetine na ɗaga sinadarin serotonin, mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, cikin sa'o'i, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan sati huɗu zuwa shida a yawancin mutane. Bayanin da masanin ƙwaƙwalwa Ronald Duman da abokan aikinsa suka gabatar a 1997 shi ne, sai maganin ya daɗe a jiki BDNF ke ƙaruwa, rassan su sake toho. Wannan ba aikin kwana uku ba ne. Abin da ya fi ɓata magani shi ne a sha kwana goma, a ji tashin zuciya ko ciwon kai, a ce bai karɓe ta ba, a ajiye. Waɗannan kan lafa da kansu. Ko ta warke sarai, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage mata a hankali.

Batun awo, kada ki kashe kuɗinki. Mafi yawan BDNF na jini yana ajiye ne cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don haka sakamakon na canzawa da tsawon lokacin da jinin ya zauna a kwalba, da lokacin da aka ɗiba, da shan taba. Ba a gano ciwon damuwa da shi. Kwalaben da ake talla a intanet kuwa, furotin in aka haɗiye shi ciki ne ke narkar da shi, kuma ko ta jijiya aka ba da shi da ƙyar yake tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ba ma ko'ina yawansa ke da amfani ba: a gwajin ɓeraye, ƙaruwarsa a sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa ta jawo alamun damuwa ne.

Abin da aka tabbatar yana ɗaga shi, kuma kyauta ne, motsa jiki. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati, bayan Asuba ko bayan La'asar in rana ta yi sanyi. A raka ta, don sau da yawa mai wannan ciwo ba ta iya tashi da kanta.

Ku lura da abu ɗaya. In ta taɓa yin kwanaki ba barci kuma ba gajiya, ga surutu da kashe kuɗi barkatai, a gaya wa likita, domin wataƙila ciwon mai hawa da sauka ne, kuma fluoxetine shi kaɗai na iya tayar da shi. In ta fara zancen mutuwa, kada a jira ranar komawa asibiti, a kai ta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU a ranar, ko asibitin Barnawa a Kaduna.