Wai sebin za ki yi da albashin farko

Amaryata, na ga saƙonki tun bayan la'asar, sai da na nemo tabarau na karanta shi sau biyu, na yi ta dariya har kishiyarki Hajiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na ce mata jikarki ce aka biya albashin farko, uwarta ta ce sai ta raba wa dangi a sa mata albarka, ita kuma ta ce ina, sebin za ta yi, shi ne take tambayata wai rabon nan addini ne ko al'ada, kuma wai ma mene ne sebin da Hausa tunda ta ga kalmar ba inda ba ta shiga. Hajiya ta ce in gaya miki ita dai turmin atamfarta ba ya cikin sebin. Toh na isar da saƙo.

Dariyar dai na yi amma daga baya jikina ya ɗan yi sanyi, don tambayarki ta biyu ta fi ta farkon nauyi, ke ce ba ki sani ba.

Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, kalmar nan ta sha ba ni wahala a aji. Bature ya ɗauki kalma ɗaya ya yi ta labta mata kaya kamar jakin 'yan itace. Yaro ya faɗa rijiya an ciro shi, sebin. Ka kai kuɗi banki, sebin. Gola ya tare ƙwallo, sebin. Ka yanke ta lungu don kar rana ta yi maka, wai lokaci ka yi sebin. Ga kuma naku na yanzu, kawu yi sebin ɗin lambata. A tsofaffin littattafan da muka karanta a kwaleji har ma'anar "ban da" take ɗauka, a ce kowa ya zo ban da wane. Asalinta daga Latin ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, kuma can tushenta kuɓuta take nufi, a fita lafiya, maganar kuɗi daga baya ta zo ta raɓu.

Mu kam ba mu yi wannan rowar ba. Ceto na rai ne, da wanda muke fata gobe kiyama. Tanadi kin san ranar da kike jira, azumi ne ko biki ko haihuwa. Tattali kuma a hannu yake, macen da za a ba ta mudu ɗaya ta kai shi inda wata sai da biyu. Tsimi shi ne abin da ranki ke so kika kau da kai kika bar shi ya kwana biyu. Sai ajiya, ita ce nake so ki tsaya a kanta, don a gidan da na tashi in aka ce ajiya to tana da mai ita, kuma sau da yawa ba kai ba ne.

Bari in ba ki labarin rufewar da ke bayan ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa. Akwai wani mutumin Damagaram da ya zauna a garinmu shekaru yana noma gefen gonarmu, da kakar 1971 ya shirya tafiya Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan kamar yadda talakawa ke yi a lokacin, ana tafe ana aiki ana tara guzuri. Ya kawo wa Baba gero dami arba'in ya ce a ajiye masa sai Allah ya dawo da shi. Aka kwance damman aka jera zangarniyar a rufewa, Baba da hannunsa ya liƙe bakin da laka ya kifa mata ɗan boto, daga ranar ko kaza ba a bari ta yi tono a gindinta.

Sai fari ya zo. Daminar 1972 ba ta yi kirki ba, ta 1973 kuwa ba a magana, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun Fulani suka dinga faɗuwa a bakin hanya, Buzaye suka gangaro daga arewa da 'yan raƙuman da suka rage musu, mata da yara a bakin kasuwa. Kakata da ta ga Kakalaba tana yarinya, yunwar 1914, cewa take ku yi shiru ba ku ga komai ba, amma ita ma na lura ta daina maganar da aka shiga bazara. Rumbunmu na gandu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, aka sayar da awakin Inna ɗaya bayan ɗaya, aka koma tafasa da yaɗiya da ɗan garin rogo in an samu. Ga kuma gero dami arba'in a bayan ɗaki muna wucewa ta gabansa safe da yamma.

Inna ta yi magana ta gaji. Ranar da ƙanwata, ita ma kakarki ce, ta kasa tashi daga tabarma, na ji Inna ta ce masa Malam yaran nan fa, shi kuma ya ce mata abin da har yau yake kunnena, "mai ajiya bawan mai kaya ne." Bai ƙara ba. Amma daren nan bai yi barci ba, ina jin tarinsa a zaure har asuba, da aka sallame sallah bai dawo gida ba sai ga shi da liman da mai unguwa da dattawa biyu. Liman ya ce rai ya fi hatsi, a buɗe amma da sunan rance, a ƙirga a gaban shaidu, ranar da mai shi ya dawo a mayar masa dami da dami. Har ya janyo mana ayar Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf ya ce abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za ku ci, ya ce kun gani hatsin Masar ma don ranar yunwa aka rufe shi.

Ni aka sa tsani na hau, lokacin ina ɗan shekara 17 na zo hutu daga kwalejin horon malamai, kuma duk gidan ni ne siririn da zai shige bakin. Baba ya miƙo mini 'yar fartanya na fasa lakar, wani zafi ya bugo ni a fuska da ƙamshin tsohon gero, wallahi amarya har yau in na shiga shagon hatsi sai na tuna, cikina ya yi wani ƙugi har na ƙasa suka ji. Na zura ƙafa na sauka cikin duhu, ƙaiƙayi ya cika min wuya da hammata, ina rungumo zangarniya ina miƙawa sama, yayana yana karɓa yana jefawa ƙasa, su kuma suna sake ɗaurewa dami dami, duk wanda aka ɗaure mai unguwa ya ƙulla ƙulli ɗaya a igiya ya faɗa da ƙarfi. Na ƙasan gara ta ɗan taɓa shi, da aka gama sai aka samu talatin da bakwai. Baba ya ce a ƙulla arba'in, shi arba'in aka ba shi. Mai unguwa ya ce Malam gara fa ba kai ba ce, ya ce a ƙulla dai.

Kuma kar ki zaci gidanmu kaɗai ya ci. Kafin azahar an ji sakan turmi daga gidanmu, kin san a shekarar yunwa ƙarar taɓarya shela ce, sai ga ƙore suna shigowa ta zaure, Baba bai mayar da ko ɗaya ba, duk a kan bashinsa. Kunun da Inna ta dama wa ƙanwata ranar, da ludayi aka dinga ɗura mata. Tana nan da ranta, ki je ki tambaye ta, ko da yake ita za ta ce miki ba ta tuna ba.

Kinga a nan sai na sara wa Bature kaɗan, ranar nan ajiya da ceto abu ɗaya suka zama. Ban so na yarda ba amma haka ne.

Mutumin bai dawo ba, can Sudan Allah ya yi masa cikawa, ɗansa ne ya zo da wasiƙa bayan shekara biyu da wani abu. Lokacin Baba ya mayar da talatin da ɗaya saura tara. Ni kuma a 1976 ne aka buɗe makarantun UPE, na ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu aka raba ƙauyuka, albashina na farko a ambulan aka ba ni, na riga na gama kashe shi a zuci, rediyo mai band uku nake so, don tun kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, na ga malamanmu suna ta sayen rediyo da babur. Na kawo wa Baba ambulan ɗin ko buɗewa ban yi ba don haka ake yi, ya zare na goron liman da na kallabin Inna da 'yan sulalla na goggonnina, sauran ya ce mu je kasuwa. Gero muka saya. Rediyo sai bayan wata biyar, kuma ba zan ɓoye miki ba na ji haushi, na kwana biyu ina kumbure kumbure, abin da har yanzu in na tuna nake jin kunyarsa.

Baba bai taɓa yarda da kuɗi ba dama. Cewa yake kuɗi na gwamnati ne hatsi na Allah. Ya ga an tashi da fam an wayi gari da naira a farkon 1973, fam ɗaya naira biyu, Inna kuwa har ta rasu da sule take lissafi. A 1984 da aka sauya launin kuɗi aka ba da 'yan kwanaki, wata tsohuwa a unguwarmu ta tono tukunyarta bayan an rufe, takardu ne kawai. Na 2023 kuwa da idonki kika gani, kuɗinki na cikin waya kina kallonsa ga layin POS har titi. Iyayenmu mata sebin ɗinsu a bango yake, kwalla da samira jere har sama, ga tunkiya a turke ga adashi duk ranar kasuwa, kuma adashin nan da kuke rainawa ba kuɗi kaɗai ake zubawa ba, duk wadda ba ta kawo zubi ba sai an aika a ji ko lafiya. Wayarki in kin kwana uku ba ki zuba ba za ta aiko a duba ki? Ku yanzu komai an yi sebin ba abin da aka riƙe, karatu a waya, lamba a waya, rannan ƙaninki wayarsa ta mutu a tasha ya rasa lambar uwar da ta haife shi.

Batun addini kuwa, ba farilla ba ce kuma ba zakka ba ce, zakka sai dukiya ta kai nisabi ta shekara a hannu, naki ko sati bai yi ba. Kakata dai in an tambaye ta irin wannan cewa take don tuwon gobe ake wanke tukunya, ta ci gaba da kaɗinta. Ban ce kar ki tara ba, ki tara mana, har ma ki fi uwarki don ita hannunta a sake yake tun tana yarinya, kar ki gaya mata na faɗa.

Igiyar mai ƙulli arba'in tana nan a akwatina, in kin zo ranar Juma'a zan nuna miki. Ki taho da atamfar kishiyarki, ni kuma goro ya ishe ni, fari, ban da daushe.